Tarihin Hasashen Guguwar Rana da Inda Ya Shafe Mu a Bengou

Duk wanda ya girma da rediyo a nan ƙasar Dendi ya san wannan abu. Ana tsakiyar sauraren shirin rana a gajeren zango, sai murya ta dusashe, tasha ta ɓace kamar an zare waya. A bubbuga rediyon, a murɗa eriya, a zargi batir. Bayan minti ashirin ko awa guda sai maganar ta dawo da kanta. Sau da yawa laifin batir ɗin ne, ba musu. Amma akwai ranakun da rediyo lafiyarsa ƙalau, tashar Landan ma lafiyarta ƙalau, matsalar ta taso ne daga nisan kilomita miliyan 150, daga jikin rana kanta. Tun da BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, iyayenmu na Bengou da Bana da Tounouga da Gaya suke jin taɓin guguwar rana a kunnensu ba tare da an gaya musu sunanta ba.

Yau za mu bi tarihin yadda ɗan'adam ya koyi hango wannan guguwa kafin ta iso. Aiki ne na fiye da shekara 160, kuma ribar da aka samu a cikinsa da minti da awa ake ƙirga ta.

Abu uku da rana ke jefowa

Kafin tarihi, mu fahimci kayan. Rana ba ta zaune lafiya kamar yadda ido ke ganinta. A fuskarta akwai baƙaƙen tabo, wuraren da ƙarfin maganaɗisu ya murɗe ya cukuikuye kamar igiyar guga. In murɗewar ta kai maƙura sai ta tsinke, kuma daga tsinkewar abu uku kan fito.

Na farko shi ne walƙiyar rana, haske mai tsananin ƙarfi. Yana iso mu cikin minti 8 da ƴan daƙiƙoƙi, don haka ba a ganinsa tafe, ganinsa shi ne isowarsa. Shi ne mai kashe gajeren zango a ɓangaren duniyar da rana take haskawa. Na biyu su ne ƙwayoyin zarra masu gudun tsiya, galibi furoton da ilektoron, waɗanda kan iso cikin mintoci goma sha ko awoyi kaɗan. Su ne ainihin abin da ake kira guguwar ƙwayoyin rana, masu huda jikin tauraron ɗan'adam su rikita masa kwamfuta, masu barazana ga lafiyar ƴan sama jannati. Na uku shi ne abin da za mu kira aman rana: wani ƙaton gajimare na iska mai lantarki, nauyinsa kan kai tan biliyan, rana ta amayo shi sararin samaniya. Mai saurin cikinsu kan yi kusan kilomita 3,000 a daƙiƙa guda ya iso ƙasa da kwana ɗaya, mai nawa kuma ya yi kwana uku ko huɗu a hanya. In ya daki garkuwar maganaɗisun duniya, sai layukan wuta da na bututu su ɗauki lantarkin da ba a gayyata ba.

1859: ranar da aka fara gani

Ran 1 ga Satumba 1859, wani Bature ɗan Ingila mai suna Richard Carrington yana zanen tabon rana a gidansa da ke Redhill, sai ya ga farin haske ya tashi a tsakiyar tabon, ya yi kamar minti biyar ya mutu. Wani mai suna Richard Hodgson ma ya gani daga nasa wurin. Bayan awa 17 da rabi, sai duniya ta ɗauka. Wayoyin tangarahu a Turai da Amurka suka riƙa tartsatsi, ma'aikata suka sha jan wuta. Tsakanin Boston da Portland an cire batir gaba ɗaya aka ci gaba da aika saƙo na kusan awa biyu da lantarkin da guguwar ta zuba a waya. Jan haske ya rufe sama da dare har Kuba da Hawayi.

A shekarar ce Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya rasu. A lokacin nan ƙasarmu ba waya ko ta taku ɗaya. Fatake na ɗora gishirin Foga a kan jakuna, masu kwale-kwale na ƙetare Kwara, guguwar ta zo ta wuce ba ta sami abin kamawa ba. Ku riƙe wannan, domin shi ne zaren labarin: guguwar rana ba ta cin bukka, ba ta cin gero, abin da take nema shi ne doguwar waya da na'ura.

Ba nan take masana suka yarda cewa hasken da Carrington ya gani shi ya jawo rikicin ba. Tun 1843 Heinrich Schwabe na Jamus ya gano cewa tabon rana na ƙaruwa yana raguwa a zagaye na kusan shekara goma, wanda yau muka san kimanin 11 ne. A 1852 Edward Sabine ya nuna cewa rikicin allurar kamfas na bin wannan zagaye. Duk da haka, a 1892 babban masani Lord Kelvin ya yi lissafi ya ce abin ba zai yiwu ba, dacewa ce kawai. Girman sunansa ya sa mutane da yawa suka yi shiru na tsawon shekaru.

Rediyo da yaƙi suka tilasta bincike

Abin da ya dawo da maganar shi ne rediyo. A 1930 Hans Mögel a Jamus, sai a 1935 John Dellinger a Amurka, suka lura cewa gajeren zango na mutuwa farat ɗaya a ɓangaren da ke rana, kuma lokacin na dacewa da walƙiyar rana. Dalili shi ne, saƙon gajeren zango sama yake tafiya ya daki wani rufin iska mai lantarki da ake kira iyonosfiya, ya dawo ƙasa can nesa. Haka muryar Landan ke isowa Gaya. In walƙiya ta tashi, ƙasan rufin nan kan yi kauri ya shanye saƙon maimakon ya mayar da shi.

A Fabrairun 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, na'urorin hangen jirage na Ingila suka cika da ƙara. Sojoji suka ce Jamusawa ne. Wani masani, James Hey, ya bi diddigi ya tarar ƙarar tana bin rana daga gabas zuwa yamma. A makon nan dai, ran 28 ga Fabrairu, na'urorin Scott Forbush na cibiyar Carnegie suka nuna ƙwayoyi masu ƙarfi sun ƙaru a doron ƙasa. Ya sake gani ran 7 ga Maris, ya kuma gani a Yulin 1946, sannan ya wallafa cewa rana ce ke harbo su. Daga nan tarihin guguwar ƙwayoyin rana ya fara.

Akwai wani abu a binciken Forbush da ya shafe mu kai tsaye. Tashoshinsa na Amurka da Girinlan sun ga ƙaruwar, amma ta Huancayo a ƙasar Peru, wadda ke kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, ba ta gani ba. Garkuwar duniya ta fi kauri a tsakiya, ta fi rauni a ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. Sai ƙwaya mai ƙarfin gaske ce ke iya ratsowa ta kanmu. Irin wannan ta faru ran 23 ga Fabrairu 1956, lokacin da na'urar birnin Leeds ta nuna ƙaruwar fiye da ninki 40, mafi girma da aka taɓa aunawa da na'ura a ƙasa. Daga 1942 zuwa yau, guguwar da ta kai ga taɓa na'urorin doron ƙasa ta haura sau 70 kaɗan.

Lokacin da hasashe ya zama maganar rai da mutuwa

A 1965 Amurka ta fara fitar da hasashen yanayin sararin samaniya a kai a kai daga garin Boulder, domin tana shirin tura mutane wata. Ba a jima ba aikin ya nuna amfaninsa ta inda ba a zata ba. Ran 23 ga Mayu 1967, manyan na'urorin da Amurka ta kafa a Alaska da Girinlan da Ingila don hango makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyet suka toshe lokaci guda. A dokar wancan zamani, toshe su tamkar shelar yaƙi ce. Aka fara shirya jiragen yaƙi. Masu duban rana na rundunar sojan sama ne suka kai rahoto cewa walƙiyar rana ce, ba Rasha ba. Sai a 2016 aka bayyana wa duniya cikakken labarin.

A Agustan 1972 kuma, shekarun da fari ya fara gallabar Sahel, rana ta yi wani aman da ya iso duniya cikin awa 14 da rabi, mafi sauri a tarihin da aka rubuta. Ran 4 ga wata, nakiyoyin ruwa masu aiki da maganaɗisu da Amurka ta dasa a gaɓar Biyetnam ta Arewa suka riƙa fashewa da kansu. Guguwar ƙwayoyin da ta zo tare da shi ta faɗo ne tsakanin tafiyar Apollo 16 a Afrilu da ta Apollo 17 a Disamba. Da akwai mutum a kan wata a ranakun, da ya sha hasken da zai iya kwantar da shi ciwo mai tsanani. Sa'a ce ta raba, ba dabara ba.

Gardamar walƙiya da amai

Har zuwa wannan lokaci, kowa walƙiya yake zargi, don ita ake gani. Aman rana ba ya ganuwa, saboda hasken rana ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Masu shekaru a cikinmu sun tuna husufin ran 29 ga Maris 2006, wanda ya rufe rana ruf a Gusau da Katsina da Maraɗi, mu ma nan gari ya yi duhu-duhu da hantsi. Waɗanda suke kan layin sun ga wani farin gashi kewaye da baƙar rana. Wannan shi ne rawanin rana, kuma daga cikinsa aman ke fita. Tun 1930 Bernard Lyot na Faransa ya ƙera na'urar da ke rufe fuskar rana da faifai ta yi husufin ƙarya. Da aka ɗora irinta a tauraron ɗan'adam, sai ran 14 ga Disamba 1971 tauraron OSO-7 ya ɗauki hoton aman rana na farko. Tashar Skylab ta ƙara ɗaukar wasu da dama a 1973 da 1974.

Daga nan gardama ta kaure: wa ke harbo ƙwayoyin, walƙiya ko amai? A 1993 Jack Gosling ya fito fili ya ce an daɗe ana ɗora wa walƙiya laifin da ba nata ba. Inda akasarin masana suka tsaya yau shi ne, iri biyu ne. Akwai gajeriyar guguwa ta awoyi da walƙiya ke haifarwa. Akwai kuma babba mai kwanaki, wadda amai mai sauri ke haifarwa. Ku dubi jirgin ruwa mai inji a Kwara, yadda yake tura igiyar ruwa a gabansa. Haka aman ke tura igiya a sararin samaniya, ita kuma igiyar ta riƙa dukan ƙwayoyi tana ƙara musu gudu har su tsere wa aman su riga shi isowa.

Wani sirrin kuma shi ne hanya. A 1958 Eugene Parker ya nuna cewa akwai iska mai fita daga rana kullum, kuma saboda rana na juyawa sau ɗaya a kusan kwana 27, layukan maganaɗisunta a karkace suke tafiya. Ƙwayoyin waɗannan layuka suke bi. Shi ya sa fashewar da ta auku a gefen yammacin fuskar rana ta fi saurin aiko mana da ƙwayoyi, ko da aman kansa bai nufo mu ba. Wani lokaci ma fashewar a bayan rana take, inda ba ma gani, amma ƙwayoyinta su zagayo su same mu.

Yadda ake hasashen a yau

Mu nan mun san ma'anar ma'aunin ruwa. In Kwara ta cika a Yamai, mutanen Gaya sun san suna da ƴan kwanaki su kwashe kaya daga fadama. Haka aka yi wa rana. A nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya ta wajen rana akwai wani matsayi da aka jera taurarin ɗan'adam: SOHO tun ƙarshen 1995, ACE a 1997, DSCOVR a 2015. SOHO na ɗaukar hoton aman tun yana fita, a auna faɗinsa da saurinsa, a saka a kwamfuta ta ƙiyasta ranar isowa. Kuskuren awa goma gaba ko baya ba abin mamaki ba ne a wannan ƙiyasi. Sannan ƙarfin dukan da zai yi ya dogara ne ga inda maganaɗisun cikinsa ya fuskanta, in kudu ya kalla shi ne mugu, kuma ba a tabbatar da haka sai ya wuce ta kan ma'aunin. Daga nan saura minti 15 zuwa awa guda.

Na ƙwayoyi ya fi wuya, don ba su ba da kwanaki. Dabara ta farko ita ce lissafin tarihi: a dubi ƙarfin walƙiya, tsawon lokacinta, wurinta a fuskar rana, da ƙarar rediyon da ke nuna igiya ta tashi, sai a ce kashi kaza cikin ɗari guguwa za ta zo. Ta biyu ita ce ta Arik Posner a 2007. Ilektoron sun fi furoton sauƙi da sauri, su ke fara isowa, kamar iskar da ke riga hadari. In na'ura ta ga sun ƙaru, ana iya samun gargaɗin da ya kai rabin awa zuwa awa guda. A Jami'ar Malaga ta Sifen, Marlon Núñez ya fito da tsarin UMASEP a 2011, mai gwada hasken walƙiya da farkon ƙaruwar ƙwayoyi don gane ko hanya a buɗe take tsakaninmu da wurin fashewar. Yanzu kuma ana koya wa kwamfuta ta duba dubban hotunan tabo ta koyi wane ne mai shirin tsinkewa.

Matsalar ita ce manyan guguwa ba su da yawa, darasin koyo ya yi kaɗan. In mai hasashe ya cika kururuwa, a daina jinsa. In ya cika shiru, a sha mamaki. Ran 20 ga Janairu 2005 ƙwayoyi sun iso cikin kusan minti 15 da tashin walƙiya, ba wani tsari da zai ba mutum lokacin shiri a irin wannan. Tun 1999 hukumar NOAA ta Amurka ta sa wa abin ma'auni daga 1 zuwa 5: harafin R na mutuwar rediyo, S na ƙwayoyi, G na girgizar maganaɗisu.

An ga bambancin shiri da rashinsa. Ran 13 ga Maris 1989 wutar lardin Kebek a Kanada ta ɗauke cikin ƙasa da minti biyu, mutum miliyan 6 suka yi awa 9 a duhu. A Oktoban 2003 Japan ta rasa tauraronta Midori 2, birnin Malmo na Suwidin ya rasa wuta, kuma a Afirka ta Kudu manyan taransifomomin kamfanin Eskom suka lalace a watannin da suka biyo baya, abin da ya rushe tunanin cewa Afirka ba ta cikin lissafi. Amma a Mayun 2024, da guguwa mai matakin G5 ta zo, NOAA ta yi gargaɗi tun ran 9 ga wata. Kamfanin layukan wuta na Niyuzilan ya cire wasu layuka da gangan kafin dukan. An ga jan haske har Namibiya, taraktocin manoman Amurka masu bin GPS sun rikice a tsakiyar shuka, amma ba wata ƙasa da ta faɗa duhu.

To mu fa, a ina muke?

Ga abin da ba a cika faɗa mana ba. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya bai bi layin tsakiyar taswira ba. A Afirka ta Yamma ya hauro arewa, ya ratsa arewacin Benin da arewacin Najeriya, ba nisa da mu. A saman wannan layi, kimanin kilomita 100 daga ƙasa, akwai wani kogin lantarki mai faɗin kusan kilomita 600 da ke gudu zuwa gabas kullum da rana. An fara ganin alamarsa a Huancayo bayan 1922, Sydney Chapman ya raɗa masa suna a 1951. Bengou na cikin inuwar wannan kogi.

Wannan matsayi yana da daɗi, yana da ɗaci. Daɗinsa, ƙwayoyin rana ba su cika iso mu ba. Manomi a gonar rake, mai tallar rogo, alhajin da ke jirgi zuwa Jidda, duk ba abin da zai same su, jiragen da ke bi ta ƙuryar arewa ne ake karkatar wa hanya. Ɗacinsa, saman da ke kanmu na cikin mafi rikici a duniya. Bayan faɗuwar rana, rufin iskar nan kan yi kumfa-kumfa, saƙon GPS da na tauraron ɗan'adam ya riƙa rawa ko ya yanke. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa kogin lantarkin kan ƙara wa dukan iskar rana ƙarfi, har layukan wutar ƙasashen tsakiya su ji a jikinsu.

Ƴan Afirka sun yi aiki a wannan fage. Tun shekarun 1950 ake auna sama a Ibadan, inda Cyril Onwumechili ya yi suna, ya kuma wallafa littafi sukutum kan kogin lantarkin a 1997. A Wagadugu na'urar auna iyonosfiya ta yi aiki daga 1966 zuwa 1998. Daga 1992 zuwa 1994 aka jera tashoshi 10 daga Lamto a Kodebuwa har Tumbutu, masanan Faransa da na Afirka irin su Christine Amory-Mazaudier da Vafi Doumbia suka auna kogin daga gefe zuwa gefe. Wajen 2005 da 2006 shirin binciken damina na AMMA ya kafa tashoshin GPS a Yamai da Gao da Djougou. Jami'ar Kyushu ta Japan ta sa ma'aunan maganaɗisu a Ilorin da Legas da Abuja. Najeriya na da cibiyar binciken sararin sama a Anyigba ta jihar Kogi, Afirka ta Kudu kuma ta buɗe cibiyar gargaɗi mai aiki dare da rana a Hermanus a Nuwamban 2022. Sai dai ku lura, yawancin abin da aka kafa a yankinmu na ɗan lokaci ne. Kuɗin shiri ya ƙare, a naɗe kaya.

Alhali kuwa ba mu ne mutanen 1859 ba. Tun 1976 wutar Kainji ke shigowa Nijar ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai. Sabon babban layi mai kilobolt 330 an tsara shi ya bi ta Zabori a jiharmu ta Dosso, reshe ya gangara Malanville. Bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme ya ƙetare Kwara a nan yankin Gaya, kuma lantarkin guguwa na rikita tsarin da ke kare bututu daga tsatsa. Eriyoyin salula da yawa daga GPS suke daidaita agogonsu, kuɗin da ɗanka ke turo maka daga Kotonu ta rezo suke biyowa. Starlink da ta shigo Najeriya a 2023, ta shigo Nijar a 2025, ita ce ta rasa taurari 38 cikin 49 da ta harba a Fabrairun 2022, sanadin guguwa ƴar ƙarama. Doguwar waya da na'ura sun iso gida.

Mu kuma kiyayi ji-ta-ji-ta. Guguwar rana ba ita ke kawo zafin bazara ba, ba ita ta kawo farin 1973 ko na 1984 ba. Ba ta ƙona faifan sola na famfon lambu, ba ta fasa salula a aljihu, kuma saƙon WhatsApp da ke cewa a kashe waya da tsakar dare saboda haske daga sama ƙarya ce tsagwaronta. Katsewar intanet ta ran 14 ga Maris 2024 ma wayoyin ƙarƙashin teku ne suka lalace a gaɓar Kodebuwa. In kuran ya ɗauke yau a Bengou, kusan kullum dalilin na nan ƙasa. Haɗarin gaske yana kan manyan taransifomomi, waɗanda in ɗaya ya ƙone sai a yi watanni ana jiran madadinsa daga waje. Mun ɗanɗana zaman duhu lokacin da aka yanke layin Najeriya a Agustan 2023, mun san yadda kasuwa da asibiti suke komawa.

Zoben wasu tsofaffin itatuwan Japan da Fusa Miyake ta bincika a 2012 ya nuna cewa wajen shekara ta 774 an yi guguwar ƙwayoyi da ta ninka ta 1956 sau da yawa. A Yulin 2012 kuma wani amai mai kama da na 1859 ya fita ta gefen da duniya ba ta nan. Zagayen rana na yanzu ya fara a Disamban 2019, ya kai ƙololuwa wajen ƙarshen 2024, kuma tarihi ya nuna manyan guguwa kan zo har a shekarun gangara, kamar ta 2003 da ta 2005.

Yamai ce mazaunin AGRHYMET tun 1974, nan ne kuma mazaunin ACMAD, cibiyar hasashen yanayi ta Afirka. Ƙasar da ta iya karɓar baƙuncin masu hasashen damina ba za ta gaza riƙe ma'aunin maganaɗisu ɗaya da na'urar GPS ta bincike a Gaya ba, a hannun Jami'ar Dosso ko ta Abdou Moumouni, su yi aiki shekara da shekaru ba tare da an naɗe su ba. Gargaɗin NOAA kyauta yake a intanet, abin da ya rage shi ne a sami wanda aikinsa ne ya karanta shi a NIGELEC da wajen masu kula da bututu, da takardar da ta faɗi abin da za a yi in an ga G4 ko G5. Ɗalibanmu na lise masu son lissafi da kimiyya su sani cewa akwai fagen bincike a saman garinsu, wanda masana ke tahowa daga Japan da Faransa don su auna. Malaman makaranta da ke bin wannan shafi, ku kai musu labarin.